Kunne da Kwamfutar Ɗakin Karatu

A shekarar 1978 na fara saninsa, wata ranar Laraba da lasifikar makarantarmu ta daina magana. Ina koyar da lissafi a aji shida a lokacin, hedimasta ya aike ni kasuwa in nemo mai gyara. Aka nuna mini wani ɗan shago a ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin tela da mai yankan makulli, faɗinsa bai wuce taku uku ba. Na tarar da wani siririn saurayi ya manna kunnensa a bayan rediyo, idonsa a rufe. Na yi sallama sau biyu. Sai ya ɗaga mini yatsa ɗaya, wai in dakata. Ni da yara arba'in ke miƙewa tsaye idan na shiga aji, na tsaya cikin rana ina jiran izinin mai gyaran rediyo.

Kunne ake kiransa, kuma ban taɓa jin wani ya kira shi da wani suna ba, har matarsa idan ta yi suɓutar baki. Yana da tsarin aikinsa da ba ya sauyawa ko wa ya zo. Ba ya kwance abu sai ya yi wa mai shi tambayoyi: yaushe ya yi aiki na ƙarshe, a ina ake ajiye shi, wa ya taɓa shi. Daga nan sai ya saurara, ya shinshina, sannan ya ɗauki sukudireba. Yakan ce, "Abu ba ya mutuwa haka kawai, Malam. Wani abu aka yi masa. In mai shi ya faɗa mini gaskiya, rabin aikina ya ƙare." Kowane noti da ya kwance sai ya jera shi a murfin gwangwanin madara bi da bi, na farko a hagu, don ya san yadda zai mayar.

Wannan jerin notin ne ya sa na so shi, domin ni mutum ne mai son tsari. Daga lasifikar nan muka saba. Kullum idan aka tashi daga makaranta sai in biya ta shagonsa da ƙarfe huɗu, in zauna a kan kwangon wata matacciyar talabijin, mu sha shayi kofi ɗai-ɗai. Kafin in zauna nakan fito da hankici in kaɗe wurin, shi kuma bai taɓa barin abin ya wuce ba.

"Malam, in ka gama da kujerar, ga silin can ma ya kwana biyu."

"Kai dai da ƙura za a binne ka."

"Ai ko kai ma, Malam, sai dai taka a goge take."

Zamani ya yi ta juyawa, shi ma yana juyawa da shi. Rediyo ta ja baya, kaset ya zo, sai talabijin, sai bidiyo. Da kwamfuta ta fara shiga ofisoshi, abokan sana'arsa da yawa suka ce wannan ta fi ƙarfinsu. Shi kuwa ya je inda ake gwanjon kayan ofis ya sayo matattu guda uku, ya yi wata shida yana kwance su yana ɗaurawa, har ya tayar da ɗaya daga gawar biyun. Ba a yi shekara biyar ba sai ga makarantu biyu, da wani ƙaramin asibiti, da wata maɗaba'a, duk shi suke kira. Da wannan aikin ya yi wa 'yarsa ta fari karatun jinya, ya rufa wa gidansa kwano.

Ni kuma na yi ritaya a 2001, aka ba ni riƙon ɗakin karatu na unguwarmu. Ɗaki ɗaya ne mai taga uku, da littattafai dubu uku da ɗari ɗaya da arba'in, da kwamiti na mutum biyar. A 2005 wani ya ba mu kyautar kwamfuta, tun lokacin ta tsufa: akwatinta fari ne da ya koma kalar haƙorin tsoho, allonta mai ƙatuwar ƙeya ya cinye rabin tebur. Da yatsa biyu na shigar da sunan kowane littafi a cikinta, shekara biyu cur. Da safe idan na danna maɓallinta, sai fanka ta tashi, ta yi ɗan gajeren kuka sau ɗaya, rubutu ya bayyana. Kunne ya ce mini wannan kukan gaisuwarta ce, tana cewa ta kwana lafiya.

Dole in faɗi wani abu game da kaina, in ba haka ba ba za a gane abin da ya biyo baya ba. Makarantar mishan na yi, ta kwana. Kowace Asabar da safe akwai duba tsabta. Shugaban makarantar yakan zo da farin ƙyalle, ya shafa saman taga, da bayan kabad, da ƙasan gado, wuraren da ido ba ya kaiwa, ya ɗaga ƙyallen kowa ya gani. Aikina a shekara uku na ƙarshe shi ne goge ƙararrawar makaranta da mariƙan ƙofofi da man goge tagulla, har sai na ga fuskata a ciki. Ina tuna safiyoyin nan da daɗi, da ƙanshin sabulu da sanyin siminti a tafin ƙafa. Sun bar mini hali guda: idan na san akwai datti a wani wuri, ko an rufe shi, ba na samun sukuni. Mariƙin ƙofar ɗakin karatunmu na tagulla ne, kuma duk unguwa an san babu Asabar da ba na goge shi.

Ranar sha huɗu ga Maris, 2012, fankar kwamfutar ta fara gurnani, Kunne ya zo ya sauya ta. Ina tsaye a kansa ya buɗe akwatin. Abin da na gani ya tayar mini da hankali: ƙura ta kwanta a kan komai kamar bargo. Ya hure wadda ta tsare masa hanya, ya bar sauran.

"Haka za ka rufe ta?"

"Ƙyale ta, Malam, sun saba da juna. Ba yau za ka raba wannan auren ba."

Mako biyar ina zaune gaban akwatin nan ina ganin ƙurar ta cikin ƙarfe. Ranar Asabar, ashirin da ɗaya ga Afrilu, bayan na gama da mariƙin ƙofa, gwangwanin man yana hannuna, na ce ai na ga yadda ake yi. Na cire wayar wuta, na kwance noti huɗu, na jera su daga hagu. Na share ciki da burushin fenti. Sai na ga wasu siraran alluna biyu, kowanne tsawon tafin hannu, a tsaye cikin raminsu. Na zare su. A gefen kowanne akwai jerin haƙora masu ruwan zinariya da suka dushe. Hannuna bai tsaya shawara da ni ba. Na ɗiga musu man tagulla na murza da ƙyalle har suka yi walƙiya, na mayar, na rufe, na tafi gida da farin ciki irin na yaron da ya ci duba.

Litinin akwai taron kwamiti da ƙarfe goma, kuma Ciyaman ya ce in buga masa jerin sababbin littattafai. Da tara da minti ashirin na danna maɓalli. Fanka ta tashi, koriyar fitila ta kama, allo ya zauna baƙi ƙirin. Maimakon gajeriyar gaisuwar nan sai ta saki dogon kuka, ta yi shiru, ta sake saki. Na kashe na kunna sau bakwai. A na bakwan gumi ya jiƙa mini wuyan riga.

Ciyaman tsohon mai kantin magani ne, mutumin kirki amma mai babbar murya, wanda ba ya iya riƙe labari ya kwana. Ya shigo da surukinsa, wanda ke aiki a wani ofishi mai kwamfutoci, ake ce masa Injiniya. Suka tsaya suna sauraron kukan.

"Wane mai gyara ne ya taɓa ta na ƙarshe?" in ji Ciyaman.

Na ce, "Kunne. Ranar sha huɗu ga Maris."

Ban faɗi ƙarya ba, haka na gaya wa kaina. Mai gyara aka tambaye ni.

Injiniya ya taɓe baki. "Baba, ai na sha gaya muku. Masu gyaran bakin titi ɗin nan, su buɗe maka abu su zare mai kyau su sa maka ruɓaɓɓe. Sai bayan wata guda ka gani."

Aka aika aka kira Kunne. Ya iso da jakarsa ta fata, ya gaishe da kowa, ya tsaya daga bakin ƙofa bai ƙaraso ba, ya karkata kai.

"A sake kunna ta in ji."

Na danna. Ya rufe ido ya ƙirga kukan da yatsa.

"Wuta tana shiga, tunda fanka na juyawa. Ba soket ba ne, ba waya ba ce. Allo ma ba shi da laifi, ba a aiko masa da komai ba ne. Wannan kukan na ƙwaƙwalwa ne. Tana neman allunan da take tunani da su, ba ta same su ba." Sai ya juyo gare ni. "Malam, yaushe ta yi aiki na ƙarshe?"

"Juma'a, ƙarfe biyar saura kwata."

"An yi tsawa? Wuta ta yi rawa? An matsar da tebur?"

"A'a."

"To tsakanin Juma'a da yau, me aka yi mata?"

Sauran 'yan kwamiti sun riga sun iso, duk suna kallona. Na ga kaina ina bayani, tsohon malami mai shekara sittin da tara, cewa na shafa wa kwamfuta man goge ƙofa. Na ji dariyar Injiniya tun kafin ya yi ta, na ji labarin a bakin Ciyaman yana zagaya unguwa.

Na ce, "Ba a yi mata komai ba."

Ya gyaɗa kai. Ya cire wayar wuta, ya taɓa ƙarfen taga da tafin hannu kamar yadda yakan yi kafin ya sa hannu a cikin na'ura, ya kwance notin, ya jera su a murfin gwangwanin madararsa. Da ya ɗaga marufin sai ya tsaya. Cikin akwatin fes, babu ƙwayar ƙura. Ya sunkuya ya ja numfashi ta hanci, sau ɗaya, a hankali. Ya ɗago ya kalli mariƙin ƙofa yana sheƙi a hasken safe. Sannan ya kalle ni. Ba kallon fushi ba ne. Da na fushi ne da ya fi mini sauƙi.

Ya duba ƙananan gwangwanayen da ke kan babban allon cikin akwatin ko wani ya kumbura, babu. Ya zare allunan biyu, ya juya bayansa ga kwamiti, ya goge farin abin da ya bushe a haƙoransu da auduga da ɗan sifirit, ya tsabtace ramukan, ya jira su bushe. Ya sa guda ɗaya ya danna har maƙallan suka ce ƙas, ya kunna. Dogon kuka. Ya zare, ya sa ɗayan. Fanka ta tashi, aka yi shiru na daƙiƙa uku, sai ga gajeren kukan nan guda ɗaya, rubutu ya hau allo. Littattafaina dubu uku suna nan, ko ɗaya bai ɓata ba.

"Ɗaya ya rayu, ɗaya ya tafi," in ji shi. "Za ta yi aiki, sai dai za ta riƙa jan ƙafa kamar mu."

Injiniya ya karɓi mataccen yana jujjuyawa. "Kun gani ko? Dubi yadda yake ƙyalli. Wannan ba nata ba ne na asali. An wanke shi ne aka sa."

Ciyaman ya ce, "Kunne, Malam ya ce ba wanda ya buɗe ta bayanka. Me ka ce?"

Nan ne wurin da ya kamata in buɗe baki. Na san shi sarai, na ji shi yana wucewa kamar motar da ka tsaya jira ka ƙi ɗaga mata hannu.

"In Malam ya ce haka, haka ne, ranka ya daɗe," in ji Kunne. "Ban ɗauki komai ba, Allah ya sani. Amma ƙila hannuna ne ya yi nauyi ranar. A yi haƙuri."

Ya tattara kayansa, ya rufe akwatin, ya yi sallama. A bakin ƙofa ya kama mariƙin ya ja ta a hankali.

Shi sakaci ya amsa, amma sata unguwa ta ji. Kafin wata ya ƙare, makarantun biyu sun koma kiran wani. Asibitin ya biyo baya, domin mai shi abokin Ciyaman ne. Maɗaba'ar ce kawai ta riƙe shi, ita ma ta rufe bayan shekara biyu. Duk ina jin wannan a bakin mutane ina cewa "Allah ya kyauta." Ranar Talatar farko na kama hanyar shagonsa da ƙarfe huɗu, na kai har gaban tela, na juya. Na ce sai na shirya abin da zan faɗa. Na rubuta wasiƙa zuwa ga kwamiti, na gyara ta sau uku, na sa a aljihun tebur. Kowane mako da ya wuce sai zuwan ya ƙara nauyi, har na sauya hanyar zuwa kasuwa, ina zagaye ta bayan tashar mota don kada in wuce ta ƙarƙashin benen. Shekara biyar na yi ina wannan zagayen. A cikinsu Ciyaman ya rasu, Injiniya ya bar gari, kwamitin ya watse, mutanen da ya kamata su ji gaskiyar suka ƙare ɗaya bayan ɗaya wasiƙar tana aljihun tebur.

A 2017, wata bakwai kafin Allah ya yi wa Kunne rasuwa, na bi ta tsohuwar hanyar bisa kuskure, na ga ana sayar da rigunan waya a shagonsa. Tela ya ce mini ciwon suga ya taɓa masa ido, yana gida. Washegari da la'asar na je. 'Yarsa ma'aikaciyar jinya ce ta buɗe mini. Ta gaishe ni da ladabi, amma ba ta ce mini "kwana biyu" ba. Na same shi a tsakar gida kan kujerar roba, wata ƙaramar rediyo a cinyarsa, bayanta a buɗe. Ban kai ga yin magana ba ya ɗaga kai.

"Takun Malam ke nan. Wa zai ba shi tsumma ya kaɗe kujera?"

Na zauna ban kaɗe ba. Na fara jawabin da na yi shekara biyar ina shiryawa, ban kai jimla ta biyu ba ya katse ni.

"Man tagulla. Malam, tun daga bakin ƙofa na so in ji shi. Sama da shekara talatin ina gyara, na ga wanda ya zuba wa rediyo shayi, na ga wanda kyankyasai suka yi wa gida a bidiyo, amma ban taɓa ganin wanda ya kashe kwamfuta da tsabta ba sai kai."

Ya yi dariya har da tari. Ni ban iya ba.

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

Ya jira sai da ya ji 'yarsa ta shiga ɗaki, sannan ya rage murya.

"Ka tuna shekarar da wannan za ta zauna jarrabawar fita firamare? A makarantarku. Aka ce kowane uba ya zo ya cike takarda."

Na ce ban tuna ba. Gaskiya ce, kuma har yau da nake rubutun nan ban tuna ba.

"1993. Layi har waje. Aka miƙo mini takarda shafi biyu da biro. Ni kuma ka san karatuna, lambar da ke jikin kayan gyara ce iyakarsa. Yarinya tana tsaye a gefena tana kallona, ita a wurinta babu abin da babanta bai iya ba. Akawun nan sai ce mini yake, 'Baba rubuta mana, mutane na jira.' Na riƙe biron nan ina kallon takardar. Sai ga ka ka fito daga ofis. Ka zare takardar daga hannuna, ka ce da ƙarfi kowa ya ji, 'Kai kullum sai ka bar tabaranka a shago.' Ka cike ta a tsaye, ka wuce abinka. Ni da ban taɓa sa tabarau ba. Sai da ta yi shekara biyu tana neman tabaran nan a shago."

Ya gyara wa rediyon zama a cinyarsa, ya ci gaba.

"Shekara goma sha tara ina neman inda zan mayar maka da ita. Mutum irinka ba ya buƙatar komai a wurin irina. Da na ji warin man nan, na ga fuskarka, na ce to, yau ga wuri ya samu."

"Amma ta ci maka aiki, Kunne. Ta ci maka suna."

"Ta yi tsada kam," ya ce. "Ban zaci za ta kai haka ba, ba zan ɓoye maka ba. Na ɗauka washegari ƙarfe huɗu za ka zo, in tsokane ka, ka ji haushi, mu sha shayi, sai ka je ka gyara maganar a hankali yadda kuka iya ku 'yan boko. Na ajiye maka kofinka har ƙarshen watan." Ya lalubo murfin rediyon ya ɗora shi a mazauninsa. "Wannan ne kawai ban hango ba. Amma ni dai na sauke nawa. Miƙo mini notin can, Malam, na hagun."